Takardar da ke bin uba har wurin aiki

Ni ke riƙe da littafin albashi na wani ƙaramin kamfanin share ofisoshi a Amurka, kuma duk lokacin da aka ɗauki sabon ma'aikaci sai maigidana ya yi mita, wai gwamnati ta mai da shi ɗan aikenta ba ko sisi. Da gaskiyarsa, akwai wahala. Amma ya ɗora laifin inda ba nan yake ba.

Dokar da yake kuka da ita ta zo ne a 1996, cikin garambawul ɗin tallafin marasa ƙarfi da shugaba Bill Clinton ya sa wa hannu. Duk wanda ya ɗauki ma'aikaci, ko guda ɗaya ne, dole ya sanar da jiharsa cikin kwana 20: sunan mutumin, adireshinsa, lambar shaidarsa ta gwamnati, ranar da ya fara aiki, sai suna da adireshi da lambar harajin kamfanin. Jiha ta miƙa wa babban kundin ƙasa, wanda ya soma aiki a 1997, kwamfuta ta gwada sunayen da na iyayen da aka yanke wa kuɗin ciyar da 'ya'ya. Mutumin da ya bar mace da yara a Ohio ya sulale Texas, albashinsa na biyu ko na uku sai ya tarar an riga an gutsure rabon yaran.

Wannan sanarwar ba ta cin minti goma a intanet, kuma yawancin abin da ake tambaya yana cikin takardar harajin da ma'aikaci ya riga ya cike. Tarar wanda ya ƙi ma ba ta wuce dala 25, sai in an kama shi da haɗa baki da ma'aikacin, nan za ta iya kai dala 500. Wanda ke kuka da wannan, ko ruwa aka ce ya miƙa zai yi kuka.

Ciwon kan yana zuwa ne daga baya, ranar da takardar umarnin cire kuɗi ta iso. Yanzu ni ce zan lissafa abin da za a cire, in tabbatar bai haura iyakar doka ba, wadda ke tsakanin kashi 50 zuwa 65 na abin da ya rage bayan haraji, gwargwadon ko yana da wani iyalin da kuma ko bashi ya taru masa. In tura cikin ranakun aiki bakwai da biyan albashi. In mutum yana da umarni biyu daga jihohi biyu, sai na raba bisa ƙa'ida. In na yi sake ban cire ba, daga aljihun kamfani za a biya. Kuma ni ce zan kalli idon bawan Allah in gaya masa dalilin da kuɗinsa suka ragu, alhali ban san matar ba, ban san yaran ba.

Ga kuma kowace jiha da nata salon. Wata ta rage kwanakin sanarwa zuwa 10, wata zuwa 7. Kalifoniya na neman a sanar da ita har 'yan kwangila, wasu jihohin ba ruwansu. Manyan kamfanoni masu ma'aikata a jihohi da yawa an ba su damar zaɓar jiha ɗaya su riƙa turawa sau biyu a wata, kuma suna da ma'aikatan da aikinsu ke nan. Mu kuwa tebur ɗaya ne da ni.

Duk da haka ba na goyon bayan a soke dokar. Mafi yawan kuɗin ciyarwar da ake karɓa a ƙasar nan daga albashi ake cire su, kuma duk wadda ta ga bazawara a gida tana zaryar kotu da hukuncin alƙali a hannu, tsohon miji ya ɓace, ta san amfanin hanyar da ba ta jiran tausayin uba.

Abin da ke ba ni haushi shi ne tarkon ya fi kama mai aikin da aka rubuta sunansa. Mai karɓar kuɗi a hannu ya tsira, haka mai tuƙi da manhajar waya a jihar da ba ta tambayar 'yan kwangila. Ya kamata majalisar ƙasa ta tsayar da wa'adi ɗaya ga dukkan jihohi, da shafi ɗaya na turawa, ta kuma sa kamfanonin manhaja cikin masu sanarwa, tunda su ma lambar shaidar direbobinsu na hannunsu.