Hanyoyin Batsari da Safana: A rufe tsaga tun kafin hadari ya haɗo

Duk magidancin da ke zaune a gidan ƙasa ya san aikin da ke jiransa da zarar bazara ta kama. Zai hau soro ya duba inda ya tsage, ya kwaɓa ƙasa ya yi yaɓe, ya share indararo, ya buɗe bakin rariya don ruwa ya samu mafita. Ba ya jira sai ruwan farko ya zubo masa a kan gado. Ya san yaɓen kwana biyu a watan Afrilu ya fi masa sauƙi a kan tayar da katangar da ta faɗi a watan Agusta.

Wannan ilimi da kowane ƙauye ya gada shi ne muka rasa a kan hanyoyinmu na kwalta. A Batsari da Safana, ƙananan hukumomi biyu da ke yammacin Jihar Katsina a gefen Dajin Rugu, hanya ita ce jijiyar rayuwa. Ta nan gero da dawa da wake da rogo da dankali ke fita kasuwa. Ta nan ake kai mai naƙuda asibiti, ta nan jami'an tsaro ke kai ɗauki. Mutumin Ruma ko Wagini da ke son zuwa Katsina, da mutumin Runka da ke son fita Dutsin-Ma, kowa da kwaltar da ya dogara da ita.

Amma yadda muke tafiyar da hanyoyi a ƙasar nan sananne ne: a yi bikin buɗewa, a yanka kirtani, kowa ya watse, ba a sake waiwayar hanyar sai ta mutu a ba da sabuwar kwangila. Ra'ayin wannan jarida shi ne lokaci ya yi da za a mayar da gyaran hanya aikin shekara-shekara mai ranar farawa da ranar gamawa, kuma a kammala shi kafin ruwa ya sauka.

Darasi daga ƙasashen ƙanƙara

Mai karatu zai iya tambaya, me ya haɗa Batsari da Kanada ko Finland? Abin da ya haɗa su shi ne ruwa.

Kwaltar da muke gani baƙa a sama, kusan kashi 95 cikin 100 nata tsakuwa ce da yashi da garin dutse. Sauran ɗan abin da ya rage shi ne baƙin man da ke riƙe su. Wannan fatar ba ita kaɗai ke ɗaukar nauyin mota ba. Burji da dutsen da aka daɓe a ƙarƙashinta su ne ƙashin bayan hanya, kuma ƙarfinsu na nan muddin suna bushe. Tun farkon shekarun 1800 wani ɗan Sikotland mai suna John McAdam ya kafa aikinsa a kan wannan fahimta: ƙasar da aka kare daga ruwa za ta ɗauki kaya, wadda ta jiƙa kuwa za ta lotsa.

A ƙasashen sanyi, kwalta kan takure idan hunturu ya tsananta, sai ta tsage. Ruwa ya shiga tsagar, da dare ya daskare. Shi kuwa ruwa idan ya zama ƙanƙara girmansa kan ƙaru da kusan kashi 9 cikin 100, don haka sai ya ƙara buɗe tsagar. Rana ta fito ya narke, dare ya yi ya sake daskarewa. Kafin hunturu ya wuce, tsagar da ba ta kai kaurin yatsa ba ta zama rami.

Wahalar da suka sha ce ta koya musu tsari. Kafin sanyi ya shigo, ma'aikata kan bi hanya suna zuba narkakkiyar kwalta a cikin tsagogi. Hatta mai gidan da ya shimfiɗa kwalta daga bakin titi zuwa garejinsa yakan toshe tsaga kafin hunturu, bayan 'yan shekaru kuma ya sake shafe saman. Ba sa shimfiɗa sabuwar kwalta a kan daskararriyar ƙasa. Idan ƙanƙara ta fara narkewa ƙasa ta yi laushi, wurare irin su Jihar Minnesota ta Amurka da lardunan Kanada kan rage nauyin da aka yarda manyan motoci su ɗauka na wasu makonni. Kowane aiki da lokacinsa.

Namu zafin, namu ruwan

Mu ba mu da ƙanƙara, amma muna da abin da ke yin irin ɓarnarta. A watannin Maris da Afrilu zafi a Katsina kan kai digiri 40, saman kwalta kuma ya fi haka nesa ba kusa ba. Rana kan gasa man da ke cikinta har ya bushe ya yi tauri. Da hunturu ya zo, sanyin dare da zafin rana su riƙa ja da saki, sai tsaga ta bayyana. Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Sai damina ta iso. Daga Yuni zuwa Satumba ruwa kan sauka da ƙarfi, musamman a Agusta. Ya bi tsaga ya jiƙa burjin da ke ƙasa. Tayar mota ta taka, ruwan ya fito da laka, ƙasan kwalta ya zama holoƙo. Mota ta gaba ta taka, fatar ta ɓurma. Wannan shi ne asalin yawancin ramukan da direbobi ke kaucewa.

A yankin da ƙasarsa ke da rairayi, akwai ɓarna ta biyu da ke zuwa daga gefe. Idan kwalbati ya toshe da yashi da leda, korama ba za ta tsaya jira ba. Za ta haura kan hanya, ta ci kafaɗarta, ta yi rami a ƙarƙashi, wata rana a wayi gari hanya ta yanke gida biyu. Kwalbatin da matasa biyar za su yashe cikin yini guda a watan Mayu shi ne ke jawo kwangilar miliyoyi a watan Oktoba.

Shi kansa lokacin aiki yana da muhimmanci. Ana haɗa kwalta da zafin da ya kai wajen digiri 150, kuma dole a shimfiɗa ta a daɓe tun tana da zafi. Tifar da ta ɗauko kwalta daga nesa cikin iskar hunturu ba tare da an rufe ta da tamfol ba, ta iso da kayan da suka fara sandarewa. Rola za ta bi ta kai, ido zai ga baƙi sumul, amma ciki duk ƙofofi ne da ruwa zai bi. Haka kuma facin da aka yi a cikin rami mai ruwa ko ƙura, ba a yanke gefensa ba, ba a share ba, asarar kuɗi ce kawai.

Lissafin da ya kamata ya tayar mana da hankali

A 1988 Bankin Duniya ya fitar da rahoto kan lalacewar hanyoyi a ƙasashe masu tasowa. Ya gano cewa ƙasashe 85 sun yi asarar hanyoyin da darajarsu ta kai kimanin dala biliyan 45, alhali gyaran rigakafi na ƙasa da dala biliyan 12 ya isa ya hana asarar. Shekaru sun shuɗe, amma halinmu bai sauya ba.

Yau lissafin ya fi tsanani. Najeriya na da arzikin kwalta kwance a ƙasa a Jihar Ondo, matatar Kaduna kuma an gina ta da sashen samar da kwalta, amma har yanzu daga waje muke sayo mafi yawan wadda muke amfani da ita. Tun da darajar naira ta faɗi daga 2023, kowace kilomita ta ƙara tsada. Ministan Ayyuka David Umahi na ta kira a koma hanyar kankare, sai dai ita ma kankare ba ta yafe wa wanda ya bar ruwa ya kwanta a ƙarƙashinta. Jihar da ke kashe maƙudan kuɗi a kan tsaro ba ta da halin gina hanya ɗaya sau biyu.

Akwai kuma batun nauyi. Gwajin da aka yi a Jihar Illinois ta Amurka tsakanin 1958 da 1960 ya nuna cewa idan aka ninka nauyin da ke kan ƙafar mota sau biyu, ɓarnar da take yi wa hanya kan ninka kusan sau 16. Ma'ana, tirela ɗaya da aka yi wa lodi fiye da ƙima ta fi dubban babura da ƙananan motoci cin hanya. Idan ta bi hanyar karkara a tsakiyar Agusta, lokacin da ƙasa ta sha ruwa, ɓarnar ta fi haka. A Kamaru akwai shingayen ruwan sama da ake rufewa a hanyoyin burji don hana manyan motoci wucewa har ƙasa ta tsane.

Rami a nan ya wuce batun taya

A wani wurin, rami na nufin fashewar taya ko karyewar sifirin. A Batsari da Safana ya fi haka. Mutanen yankin sun shafe shekaru suna fama da 'yan bindiga, kuma duk direba ya san inda mota ke rage gudu nan ne zuciya ke bugawa. Motar jami'an tsaro da ke rarrafe a kan mummunar hanya ba za ta isa ƙauyen da ya kira ta a kan lokaci ba. Gwamnatin Malam Dikko Umaru Raɗɗa ta kafa rundunar tsaron al'umma a 2023, ta sayi motoci da babura. Waɗannan kayan duk a kan hanya suke tafiya.

Matsalar tsaron ita ma kan zama dalilin da 'yan kwangila ke guje wa yankin, ko su ƙara farashi. Wannan ya ƙara nuna amfanin ƙananan gyare-gyaren da mutanen gari za su iya yi da kansu, da shebur da baro da tukunyar narka kwalta, ba sai an jira manyan injuna daga Katsina ba.

Mu ma da namu laifin

Ba gwamnati kaɗai ke kashe hanya ba. Mai halin da ya shimfiɗa siminti ko intalok a ƙofar gidansa, ya karkata shi yadda duk ruwan gidan zai malala kan titi, ya taimaka wajen haƙa rami. Mai shagon da ya cike kwata da ƙasa don babur ya hau, da mai zuba shara a magudana, da wanda ya fasa kwalta don ratsa bututun ruwa ya tafi ya bar ta a buɗe, duk sun sa hannu. Haka bakaniken da ke zubar da baƙin mai da dizal a gefen titi, domin dizal na narkar da kwalta. Ƙona taya a kan hanya kuwa gasa ta ne kai tsaye.

Duk mai shirin gyara ƙofar gida ko harabar shago, ya fara da tambayar inda ruwan zai bi. Ya daɓe ƙasan sosai, ya ba wurin ɗan gangare zuwa kwata, ya ɗora murfin kankare a kan kwatar maimakon cike ta.

Abin da muke kira a yi

Na farko, hukumar gyaran hanyoyi ta jiha, KASROMA, da takwararta ta tarayya, FERMA, kowace a kan hanyoyin da ke hannunta, su fitar da jadawali a fili: duba hanya bayan damina, toshe tsagogi da facin ramuka a lokacin rani, yashe kwalbatoci da magudanai kafin ƙarshen Mayu.

Na biyu, Majalisar Dokokin Jihar Katsina ta tabbatar an ware kuɗin gyara daban a kasafi, an kuma sake su da wuri. Kuɗin gyaran da ya fito a watan Yuli ya makara.

Na uku, shugabannin ƙananan hukumomin Batsari da Safana su ɗauki matasan kowane yanki su ba su 'yan kilomitoci su kula da su, a biya su a kan aikin da ido ya gani. Bayan hukuncin Kotun Ƙoli na Yulin 2024 kan kuɗin ƙananan hukumomi, jama'a na da haƙƙin tambayar abin da aka yi wa kwalbatin ƙauyensu. Hanyoyin karkara da ake ginawa a ƙarƙashin shirin RAAMP na Bankin Duniya, wanda Katsina ke ciki, su ma a san wanda zai kula da su bayan an miƙa su.

Na huɗu, kada a biya ɗan kwangila ragowar kuɗinsa sai hanyar ta ga damina guda cur, an kuma gyara duk inda ta nuna rauni. A kafa allo a bakin aiki mai ɗauke da sunan kamfani da tsawon hanya da ranar gamawa.

Na biyar, a zauna da shugabannin ƙungiyoyin direbobi da masu manyan motoci a kan lodi, musamman a tsakiyar damina. Su ne farkon waɗanda ke biyan kuɗin gyaran mota idan hanya ta mutu.

Hakimai da dagatai da limamai kuma su farfaɗo da aikin gayya na yashe magudanai kafin ruwan farko. Kai mai karatu da wayarka ke hannu, idan ka ga tsaga ko toshasshen kwalbati a hanyar garinku, ɗauki hoto ka tura wa kansilanku da ɗan majalisarku, ka rubuta ranar. Idan hanyar ta yanke a Agusta, babu wanda zai ce ba a faɗa masa ba.