Labarin Soyayyar Da Ba Mu Rubuta Ba Yana Nan Yola



Duk mai karanta littattafan yaƙi da soyayya ya san yadda labarin yake tafiya. Yarima ya ɓad da kama ya shiga birnin abokan gaba, ya yi arba da 'yar sarki, suka fara da harara da baƙar magana, daga ƙarshe so ya yi musu kamun kazar kuku. Daɗi kam akwai shi. Abin da ke damuna shi ne, kullum birnin na can wata ƙasa ce, ko Misra, ko Sin, ko Hindu. Mu da aka haifa a Jimeta har yanzu muna jiran ranar da za mu buɗe littafi mu ga kogin Binuwai a ciki. Ra'ayina shi ne marubutanmu su dawo da irin wannan labari gida, don kayan haɗinsa duk suna nan a tarihin Fombina.

A ɗauki ɓad da kama. A shekarar 1851, shekara 10 bayan Modibbo Adama ya kafa Yola, wani Bajamushe mai suna Heinrich Barth ya iso garin yana amsa sunan Abdulkarim. Daga Kukawa ya taso tare da manzannin Borno, a lokacin da ake takun-saƙa tsakanin Borno da Adamawa kan iyaka. Lamiɗo Lawal bai saki jiki da shi ba, cikin 'yan kwanaki aka ce ya kama hanya. To ka ga gari ne da baƙo ke shigowa da sunan aro, fada kuma tana sa ido.

A ɗauki makirci da auren siyasa. Hayatu ɗan Sa'idu, jikan Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, ya baro Sakkwato ya zo Adamawa, ya zauna a Balda, wadda yanzu take cikin Kamaru. Ya yi mubaya'a ga Mahadin Sudan, ya gwabza yaƙi da Lamiɗo Zubairu ya yi galaba. Daga baya ya haɗa kai da Rabe, wanda ya ci Borno a 1893, har ya auri 'yarsa Hauwa. Amma zaman bai yi ƙarko ba. A 1898, da ya nemi barin Dikwa, rundunar Fadlallah ɗan Rabe ta tare shi, aka kashe shi. Ku dubi matsayin Hauwa: mijinta a gefe guda, ɗan uwanta a ɗaya gefen. Wace gimbiyar Hindu ce ta shiga tsaka mai wuya irin wannan?

Sai kuma 1901, lokacin da Turawan Ingila suka hauro Binuwai da jiragen ruwa suka ci Yola, Zubairu ya fice bai miƙa wuya ba.

Ina mu Hausawa a cikin wannan duka? Muna ciki tsundum. Fatakenmu suna zuwa Fombina sayen hauren giwa tun kafin zuwan Bature. Idan marubuci yana neman rigar da jaruminsa zai ɓuya a ciki, babu kamar ta bafatake. Yana shiga kowane gari, yana kwana gidan fatoma, yana jin zancen kasuwa, ba mai tambayarsa. A ƙirƙiro mana saurayi mai kai saƙon asiri cikin ayari, a haɗa shi da 'yar gidan da aka aiko shi ya leƙi asirinsu, ko Bafulatana ko 'yar Bata. Labari ya tashi.

Wani zai ce wannan ai tsokanar tsuliyar dodo ce, don jikokin waɗancan mutane suna raye. Gaskiya ne, shi ya sa akwai sharaɗi biyu. Na farko, masoyan su zama ƙirƙira, a bar sarakuna da malamai a kan abin da tarihi ya tabbatar, kada a ƙaga musu magana. Na biyu, kada a yi wa kanmu kwalliya. Fatake sun sayi hauren giwa, sun kuma sayi bayi. Abubakar Tafawa Ɓalewa bai ɓoye bauta ba a littafinsa Shaihu Umar, kuma ɗan Adamawa ne, Adamu Halilu, ya mayar da shi fim a 1976. Ke nan an taɓa yi, ba a mutu ba.

Dalilin da ya sa na nace shi ne wannan. Yaron da aka haifa a Jimeta, ubansa ma nan aka haife shi, in ya je neman takardar shaidar ɗan ƙasa sai a tuna masa shi baƙo ne. Littafin soyayya ba zai ba shi takarda ba. Amma ƙannenmu da ba za su taɓa buɗe littafin tarihi ba, suna cinye labarin soyayya a waya cikin dare ɗaya. Ta nan za su san cewa zamanmu da Fulani da Bata da Vere ba jiya ya fara ba, an yi faɗa, an yi ciniki, an kuma yi auratayya.

Marubuta, musamman 'yan uwa mata da wannan fage yake hannunku, ga fili ga mai doki. Ku zauna da tsofaffin unguwa tun suna da rai, ku ji abin da suka ji daga kakanninsu.

Allah ya sa mu dace. Wassalam.