Mun Iya Makoki, Ajiya Ce Ta Gagare Mu

Ran 12 ga watan Nuwamba 2023 aka wayi gari da labarin rasuwar Alhaji Usman Baba Pategi a Kaduna, wanda duk ƙasar nan ta fi sani da sunan Samanja Mazan Fama. Kafin azahar hotonsa cikin kakin soja ya cika wayoyin jama'a, kowa yana faɗin irin dariyar da ya sha a dalilinsa, manya kuma suna ta aiko da saƙon ta'aziyya. Da aka kwana bakwai sai maganar ta kwanta. Haka aka yi wa Ƙasimu Yero a watan Satumba 2017, haka aka yi wa Ɗan Maraya Jos a watan Yuni 2015, haka kuma aka yi wa Rabilu Musa Ibro a watan Disamba 2014.

Ba mu ce makoki laifi ba ne, gama wanda ya faranta maka rai shekara da shekaru ya cancanci hawayenka. Tambayar da muke yi wa 'yan'uwa masu karatu ita ce, in yau yaronka ya ce, "Baba, nuna mini Samanjan nan da kuke ta zancensa," me za ka nuna masa? Abin da akasari za ka samu shi ne 'yan guntaye da wasu bayin Allah suka ɗora a YouTube, hoto dishi-dishi, murya tana shaƙewa, ba farko ba ƙarshe. Yaron zai duba minti biyu ya miƙo maka wayarka, yana mamakin abin da ya ba ku dariya.

Alhali kuwa abin da mutanen nan suka bari ba ƙarami ba ne. A ɗauki Ɗan Maraya. Sunansa na yanka Adamu, an haife shi a Bukuru, iyayensa suka rasu tun yana ƙarami, daga nan ya sami sunan da ya bi shi har kabari. Kayan aikinsa kuntigi ne kawai, watau gwangwani da aka rufe da fata, da 'yar sanda, da tsirkiya guda ɗaya tak. Ba 'yan amshi, ba taron makaɗa a bayansa. Da wannan ɗan abu ya zaga ƙasashen duniya. Amma abin da ya sa muke ƙaunarsa shi ne mutanen da ya zaɓa ya yi wa waƙa. A zamanin da mawaƙi yakan nemi ƙofar sarki ko ta attajiri, shi sai ya yi wa karen mota waƙa, yaron nan da ke kwana a kan kaya, yana sa wa taya waigi a kan tudu, ba wanda ya san sunansa. In kuma ya shiga zancen aure, sai ya zama miji ya zama mata a cikin waƙa ɗaya, yana sauya murya, har mai sauraro ya ga kamar rigimar gidansa ce aka leƙo. Wanda ya zauna a Jos ya san cewa kaset ɗinsa ba ya tambayar addinin mai gida kafin ya shiga. Ana jin sa a Gangare, ana jin sa a Tudun Wada, kuma ko bayan rikice-rikicen 2001 da 2008 da suka raba unguwannin garin, ba a raba shi ba.

Alhaji Mamman Shata kuwa, wanda ya rasu ran 18 ga Yuni 1999 aka binne shi a Daura, shi kansa bai san yawan waƙoƙinsa ba. Ba ya rubutawa, ba ya zama ya shirya, kalangu na tashi waƙa na zuwa. Wannan baiwa ce, amma tana da haɗarinta: duk waƙar da ya yi a wurin biki ko a dandali ba tare da rikoda a kusa ba, ta tafi tare da iskar daren nan. Abin da ya rage mana shi ne wanda aka ɗauka a faifan garmaho, da na gidajen rediyo, da kaset-kaset da ke hannun masoya. Haka zancen yake ga Hajiya Barmani Coge ta Funtuwa, wadda ta rasu a 2013, ita da ta fitar da kiɗan ƙwarya daga cikin gida zuwa bainar jama'a, tana yi wa mata huɗubar neman sana'a cikin raha.

A gefen wasan kwaikwayo ma haka ne. Samanja ɗan gidan sarautar Pategi ne, Banufe, ya yi aikin soja na gaske kafin ya mai da barikin soja abin dariya, kuma Hausarsa mai gauraye da Turancin bariki ita ce Hausar da dubban mutanen Arewa waɗanda ba Hausawa ba suke ji a matsayin tasu. Ƙasimu Yero ya yi Karambana da Hausa, ya kuma fito a Cock Crow at Dawn, wasan manoma da aka shirya a wajen Jos cikin shekarun 1980, inda Sadiq Daba ya zama Bitrus har sunan ya kusa danne nasa. A lokacin, gidan da ke da akwatin talabijin shi ne silimar unguwa, yara a zaune a ƙasa, manya a kan benci.

To, Hausawa sun ce kowa ya tuna bara bai ji daɗin bana ba, kuma za a iya cewa tsufa ne kawai yake damunmu. Amma a duba wani abu. Mu mutanen Arewa an san mu da son fim ɗin Indiya tun zamanin silimar Rex da Plaza a Kano da Kwararafa a Jos. Da Lata Mangeshkar ta rasu a watan Fabrairu 2022, duk wanda ya so tunawa da ita sai ya taɓa wayarsa kawai, ga waƙoƙinta na shekarun 1950 garau, da sunan fim, da shekara, da sunan wanda ya tsara kiɗan. Fim ɗin Mother India na 1957 yana nan cikakke ga mai son kallo. Shata da Lata tsararraki ne, sun yi tashe a zamani ɗaya. Ba za mu yarda cewa ta fi shi baiwa ba. Abin da ta fi shi da shi, mutanen da suka ɗauki aikinta a matsayin dukiya, suka adana, suka rubuta, suna kuma cin riba da shi har gobe.

Labarin fim ɗin Shaihu Umar ya isa misali. Adamu Halilu ne ya shirya shi a 1976 daga littafin Abubakar Tafawa Ɓalewa, da Hausa, da kuɗin gwamnatin ƙasar nan. Shekaru da yawa ana ɗauka ya ɓata. Sai a 2016 aka tsinci gwangwanayen fim ɗin cikin ƙura. Wata cibiya ta birnin Balin a ƙasar Jamus ce ta gyara shi, aka nuna shi a bikin fina-finai na Balin a 2018. Mun gode musu ƙwarai, yabon gwani ya zama dole. Amma a ce labarin da Firayim Ministanmu na farko ya rubuta sai Jamusawa sun share masa ƙura kafin jikokinsa su gani, wannan abin a sunkuyar da kai ne.

Shaihu Umar ya yi sa'a. Kaset ba ya jira kamar haka. Zaren da ke cikinsa zafi yana lalata shi, damina tana sa masa fumfuna, ƙurar hunturu tana cinye shi, in ya daɗe a naɗe kuma sai ya manne. Ko zaren ya tsira, injin da zai juya shi ya zama abin nema, masu gyaransa kuma suna ƙarewa. Fina-finan bidiyo na Hausa da suka fara da Turmin Danya a Kano a 1990 duk a kan irin wannan zare aka ɗauke su. Watau ko 'yan wasan da suka rasu da ƙuruciyarsu, irin su Ahmad S. Nuhu da haɗarin mota ya ɗauke ran 1 ga Janairu 2007, da Hauwa Ali Dodo da ta rasu ta wannan hanya a rana irin wannan a 2010, aikinsu yana cikin haɗarin da na Shata yake ciki.

Ba za mu ce ba a yi kome ba. Ɗandatti Abdulƙadir ya yi digirinsa na uku a kan Shata a Amurka tun 1975. Jami'ar Ahmadu Bello ta ba Shata digirin girmamawa a 1988. Ibrahim Sheme da abokan aikinsa sun fitar da littafin tarihinsa a 2006, Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau kuma ya daɗe yana tattara tarihin makaɗa da mawaƙan Hausa. Akwai ma'ajiyar fina-finai da sauti ta ƙasa a Jos. Amma littafi ba ya rera waƙa. Gidan Rediyon Tarayya na Kaduna, wanda yake watsa shirye-shirye tun 1962, da tashoshin NTA na Kaduna da Jos da Kano, su ne suka ɗauki mafi yawan mutanen nan. Ya kamata su fito su gaya wa jama'a abin da ya rage a ɗakunan ajiyarsu, su kuma nemi taimako a juye shi zuwa kwamfuta. Kuɗin da gwamnatin jiha ɗaya take kashewa a bikin rantsarwa zai yi nisa a wannan aiki.

Akwai kuma zancen haƙƙi, wanda ba ya rabuwa da zancen ajiya, gama abin da ba ya kawo wa kowa ko kwabo ba mai kula da shi. Mun saba mu sayi kaset na jabu, daga baya muka koma wurin masu tura waƙa a waya, a cika mana da waƙa ɗari a kan kuɗin da bai kai na kwanon abinci ba, mai waƙar kuwa ko iyalinsa ba su ga kome ba. Sakamakon ke nan muke gani. Sadiq Daba sai da aka yi ta roƙon jama'a kuɗin magani kafin ya rasu a watan Maris 2021. Abdullahi Shu'aibu Karkuzu, wanda ya ba Jos dariya shekaru da yawa, ya tsufa ya makance ba shi da gidan kansa, sai da ya fito ya nemi taimako a 2023, ɗan ƙwallon nan Ahmed Musa ya saya masa gida, ya rasu a 2025. Allah ya sāka wa masu taimako, amma mutumin da ya yi aiki bai kamata ya ƙare da bara ba. Dokar haƙƙin mallaka ta 2022 ta ce waƙa tana ƙarƙashin kariya har shekara 70 bayan mutuwar mai ita. Bisa ga wannan lissafi, magadan Shata suna da haƙƙi a kan waƙoƙinsa har 2069. Masu ɗora su a intanet suna karɓar kuɗin talla, nawa ne daga cikinsu suka taɓa neman iyalinsa?

Mun san akwai masu cewa waɗannan ai maroƙa ne da 'yan wasa, ba abin da za a ɓata kuɗi a kansu ba ne. Amma wanda yake son ya san yadda talakan Arewa ya ji da yaƙin basasa, ko da canjin kuɗi daga fam zuwa naira a 1973, ko da komawa tuƙi a hannun dama a 1972, zai same shi a bakin mawaƙan nan fiye da yadda zai same shi a takardun ofis. Su gwamnati ta riƙa nema in tana son saƙo ya isa ƙauye.

Mu ma a cikin ikkilisiya abin ya shafe mu. Waƙoƙin zumuntar mata nawa muke rerawa kowace Lahadi da tulu da kacau-kacau, waɗanda ba wanda zai iya faɗin sunan matar da ta fara tsara su, ko garinsu? Da yawa daga cikin iyayen nan sun riga mu gidan gaskiya, kaset-kaset da ƙungiyoyinsu suka ɗauka a shekarun 1980 da 1990 kuma suna cikin akwatuna a ƙarƙashin gado, tare da na Ɗan Maraya da na Shata. Kowace majalisar ikkilisiya tana da matasa masu kwamfuta. A sa su bi gida-gida su karɓo aron kaset ɗin nan, su juye, su zauna da tsofaffin da suka rage su rubuta sunan mai waƙa da garin da shekarar, a ajiye kofi ɗaya a hedkwata, a kai ɗaya jami'a mafi kusa, a mayar wa mai kaset abinsa.