MARAYU, ALHALI UBANNINSU NA RAYE

Bismillahir Rahmanir Rahim. Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa.

Bayan haka, ya 'yan'uwa Musulmi, akwai wata ɓarna da ta zama ruwan dare a Birnin Kebbi da Argungu da ƙauyukan bakin gulbi, har idanunmu sun saba da ita. Ita ce sakin mace tare da yasar da 'ya'yanta. Da kaka, idan an sayar da shinkafar fadama kuɗi sun shigo, sai mutum ya ƙaro amarya. Kafin bazara ta yi nisa rumbu ya yi ƙasa, sai ya miƙa wa uwargida takarda, ta kwashi yara uku ko huɗu ta koma gidan tsohon da shi ma ciyar da shi ake yi. Daga ranar ko tiya ɗaya ta gero ba zai aika ba, amma kullum yana sahun farko a masallaci!

Wa ya ba shi wannan fatawa? Suratuɗ Ɗalaƙ ta hana a fitar da matar da aka saka daga ɗakinta kafin ta gama idda. Aya ta 233 cikin Suratul Baƙara ta ɗora ci da suturar mai shayarwa a wuyan uban jinjiri. A mazhabar Malikiyya, wadda alƙalanmu ke hukunci da ita, uwa ce ta fi cancanta da riƙon ɗa namiji har ya balaga, 'ya mace kuwa har ta tare a ɗakin miji, ciyarwa kuma tana kan uba duk tsawon wannan lokaci. Saki igiyar aure kaɗai yake tsinkewa, jini yana nan.

To, ku dubi abin da muke girba. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Uwa ta koma gumin shinkafa da surfe, abin da take samu bai kai na tuwon dare ba. Sai a cire 'yar shekara 9 daga Islamiyya da boko, a aza mata faranti, ta yini a tashar mota tsakanin direbobi da 'yan kamasho. Namijin kuwa a miƙa masa ƙoƙon bara da sunan almajiranci. In uwar ta sake aure ya zama agola, in ya koma gidan uba ya faɗa hannun kishiyar uwa. Gobe idan ya shiga shaye-shaye, uban nan shi zai fara cewa yaran zamani sun lalace. A shekarar masifa kuma, kamar ambaliyar 2020 da ta cinye gonakin shinkafa a jihar nan, irin waɗannan gidaje ne ke fara kwana da yunwa.

Wasu za su ce talauci ne. Wane irin talauci ne wannan da bai hana haɗa lefe ba, sai sayen sabulun yara? Wasu za su ce a yi ta aurar da zawarawa, kamar yadda Hukumar Hisba ta Kano ta fara a 2012. Madalla da wannan aiki, amma shari'a ba ta wajabta wa sabon miji ciyar da ɗan wani ba. Nauyin yana nan kan mai shi.

Tun shekarar 2000 aka ƙaddamar da shari'a a Jihar Kebbi, ƙasar Shehu Abdullahi ɗan Fodiyo. Ashe ba abin kunya ba ne a ce har yau bazawara na tsoron kai ƙarar ciyarwa don kada a ce ta tona asirin uban 'ya'yanta?

Saboda haka muna kira ga limamai su faɗi wannan hukunci a huɗubar Juma'a. Alƙalai su yanka wa uba abin da zai riƙa bayarwa duk wata, su kuma tilasta shi. Waliyyai kada su ba da 'yarsu ga wanda ya watsar da 'ya'yansa na fari. Wadda mijinta ya rasu kuwa, dangi da masu fitar da zakka su tuna da ita.

Allah Ya ganar da mu, Ya ba mu ikon gyarawa. Amin.