Raddi Ga Masu Cewa Fafutukar Sauyin Yanayi Ba Ta Matasan Jibiya Ba Ce

Fafutukar neman adalci a kan sauyin yanayi ta ginu a kan da'awa guda: ƙasashen da suka fi cika sararin samaniya da hayaƙi su ɗauki nauyin ɓarnar da ke faɗa wa waɗanda ba su da hannu a ciki. Kason Afirka baki ɗaya a hayaƙin da duniya ke fitarwa bai kai kashi 4 cikin 100 ba. Duk da haka akwai masu ganin cewa matasan gari irin Jibiya, a bakin iyakar Katsina da Maraɗi, ba su da abin yi a wannan fage.

Farkon abin da suke kafa hujja da shi shi ne wai maganar baƙuwa ce, Turawa suka kawo ta, 'yan birni masu neman kuɗin ƙungiyoyi suka karɓa. Jibiya ba ta bukatar Bature ya gaya mata abin da ruwa ke yi. A tsakiyar Yulin 2018, ruwan dare ɗaya ya kashe mutum fiye da 40 a garin, ya rusa ɗaruruwan gidaje, har aka tsinci gawarwakin wasu a cikin Jamhuriyar Nijar. Gaskiya ne gini a kan hanyar ruwa da toshewar magudanai sun ƙara wa masifar ƙarfi, kuma ba a ɗora wata ambaliya a kan ɗumamar duniya sai da bincike. To an yi irin wannan binciken a kan ambaliyar 2022, wadda ta ci rai fiye da 600 a Najeriya: masanan World Weather Attribution sun gano cewa ɗumamar duniya ta ninka yiwuwar ruwan waccan damina a yankin Tafkin Chadi kusan sau 80. Shi kansa batun adalci a kan ruwa tsoho ne a wannan iyaka. Kogin Gada, wanda aka gina madatsar Jibiya a kansa, shi ne ke zama Gulbin Maraɗi idan ya tsallaka, kuma yana cikin kogunan da Najeriya da Nijar suka rattaba hannu a kan raba ruwansu bisa adalci a yarjejeniyar Maiduguri ta 1990.

Hujjarsu mafi nauyi ita ce ta tsaro. Suna cewa garin da 'yan bindiga suka hana noma, suka tarwatsa ƙauyukansa, ba shi da lokacin zancen yanayi. Ba mai hankalin da zai ce sauyin yanayi ne ya ba ɗan ta'adda bindiga; wannan laifin masu yi ne da sakacin hukuma. Amma ƙarancin makiyaya da cinye burtali da mutuwar gonaki suna cikin abubuwan da suka lalata zaman manomi da makiyayi tun kafin bindiga ta yawaita. Haka kuma da aka rufe iyaka bayan juyin mulkin Nijar na Yulin 2023, har zuwa Maris na 2024, matashin da ke ci daga dako da lodin kaya da acaba ba shi da madogara sai gona, gonar kuma tana hannun daminar da ta daina zuwa a kan ƙa'ida. Rashin tsaro da lalacewar ƙasa mutum ɗaya suke ci, kuma neman maganin ɗaya bai hana neman na ɗayan ba.

Wasu kuma suna cewa ambaliya da fari ƙaddara ce. Babu musu. Sai dai Sayyidina Umar ya juya da jama'arsa daga hanyar Sham da ya sami labarin annoba, bai ɗauki hakan saɓa wa ƙaddara ba, kuma Annabi Yusuf ya tanadi hatsi domin shekarun fari. Imani da ƙaddara bai taɓa yafe wa wanda ya cuci wani biyan diyya ba.

Daga nan sai a koma ga shekaru: wai yara ne, aikinsu surutu a Facebook, shugabanci na manya ne. Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya fara wa'azi a Degel yana da shekara 20. A wannan zamani kuwa, ɗaliban shari'a na Jami'ar Kudancin Pasifik ne a Vanuwatu suka fara kamfen na neman fatawar Kotun Duniya a kan sauyin yanayi a 2019, Babban Zauren Majalisar Ɗinkin Duniya ya karɓa a Maris na 2023, sannan a ranar 23 ga Yulin 2025 Kotun Duniya ta ba da fatawar cewa kare yanayi wajibi ne a kan ƙasashe, kuma ƙasar da aka cutar tana iya neman diyya. Misalin da ya fi kusa yana Zamfara. Da gubar dalma ta kashe yara a Bagega, matasan shirin Follow The Money ƙarƙashin Hamzat Lawal suna cikin waɗanda suka matsa lamba har gwamnatin tarayya ta saki kuɗin tsabtace garin a farkon 2013. Irin wannan bin diddigin ne aikin da ya fi dacewa da matasan Jibiya. Asusun biyan asara da aka amince da shi a taron sauyin yanayi na Masar a 2022 ya sami alkawarin kusan dala miliyan 700 kacal a Dubai a 2023; kuɗin sun yi kaɗan, kuma ɗan abin da zai iso sai ya bi ta hannun hukumomi. Adalcin da ake nema a wajen ƙasashe masu arziki, shi ake nema a Abuja da Katsina da sakatariyar ƙaramar hukuma.

Saura masu cewa a bar zancen haƙƙi, a dasa itace kawai. Amsarsu tana tsallaken iyaka. A Maraɗi, shekaru aka yi ana dashe yana mutuwa, har wani mai aikin dashe, Tony Rinaudo, ya lura a farkon shekarun 1980 cewa kututturan da ke gonaki suna da rai. Manoma suka riƙa barin tohon gawo da kalgo suna yi masa sassabe maimakon tumɓukewa, kuma an ƙiyasta cewa hekta miliyan 5 ta farfaɗo a Nijar da itatuwa kusan miliyan 200. Abin da ya sa dabarar ta yaɗu shi ne sassaucin da aka samu a dokar daji. A da itacen gona na hukuma ne, ana cin tarar manomi idan ya sare reshe, don haka ba ya barin toho ya girma. Da ya tabbata itacen nasa ne, sai ya raine shi. Katsina tana cikin jihohi 11 da shirin Babbar Ganuwar Itatuwa ya ratsa a Najeriya, kuma tambayoyin da za su raya dashen nan ko su kashe shi su ne na mallaka da kuɗi: gonar wa aka dasa, wa zai ci amfanin itacen, nawa aka ware domin ban-ruwa a rani, kuma wa ya karɓa.