Filin Kimiyya: Famfon Tsami a Cikin Jikinmu

A darasin Bayoloji mun sha zana sel, wato ƙwayar halitta, mu yi mata 'yan ɗakuna a ciki, mu haddace sunayensu saboda jarrabawa. Yau za mu leƙa ɗaya daga cikinsu, laisosom, wanda masanin ƙasar Beljiyam Christian de Duve ya gano a 1955. An ba shi kyautar Nobel a 1974.

Laisosom shi ne wurin da sel ke kai shararta. Tsofaffin kayan ciki da ƙwayoyin cuta da aka kama, a nan ake narkar da su, a ware abin da zai sake amfani. Sai dai sinadaran da ke narkarwar ba sa aiki sosai sai cikin tsami. A ma'aunin pH, ruwan cikin sel yana wajen 7.2, na laisosom kuwa 4.5 zuwa 5, kusan tsamin kindirmo. Tun da kowane mataki guda a ma'aunin ninki goma ne, tsamin laisosom ya fi na kewayensa sau ɗari da ɗoriya. Akwai kariya a nan: in sinadaran suka tsiyayo waje, ƙarfinsu ya ragu, ba za su cinye sel ɗin ba.

To daga ina tsamin yake zuwa? A bangon laisosom akwai wani ɗan famfo mai suna V-ATPase. Yana ƙona ATP, makamashin sel, yana tura haidirojin mai caji zuwa ciki, kuma taruwarsa ce ke kawo tsami. Famfon sassa-sassa ne, kowane sashe da ƙwayar gadon da ke ɗauke da umarnin ƙera shi. Ɗaya daga cikinsu ita ce TCIRG1, wadda ke kan kuromosom na 11.

Muhimmancinta ya fi fitowa a ƙashi. Ƙashinmu kullum ana rushe tsoho ana gina sabo. Masu rushewar, wasu sel ne da ake kira ostiyokilas, suna manne wa ƙashi, su jera famfunan a gefen da ke taɓa shi, su zuba tsami har ya narke. Idan TCIRG1 ta lalace, tsami ba ya fita. Gini yana ci gaba, rushewa ta tsaya.

Wani zai ce ai riba ce, ƙashi zai ƙara ƙarfi. Ina! Yakan yi kauri amma ya riƙa karyewa da sauƙi. Ramin ɓargo, inda ake yin jini, yana cikewa, sai jariri ya rasa isasshen jini, hanta da saifa su kumbura. Ƙashin kai na iya matse jijiyar gani har yaro ya makance. Sunan cutar ostiyopetrosis, ma'ana ƙashi mai kama da dutse. A shekarar 2000 masana suka danganta ta da TCIRG1, kuma kusan rabin jariran da ke da nau'inta mai tsanani, matsalarsu a nan take.

Gadonta irin na sikila ne. In uwa da uba kowa na ɗauke da gurɓatacciya guda, su lafiyarsu ƙalau, amma a kowane ciki akwai yiwuwar ɗaya cikin huɗu yaron ya gaji biyun. Cuta ce da ba a cika samu ba, kuma ana maganinta da dashen ɓargo, domin ostiyokilas daga ɓargo suke fitowa. In an yi da wuri, lafiyayyun sel sukan karɓi aikin.

Ga aikin wannan mako: ku zana jadawalin gado na iyaye biyu masu Tt da Tt, ku nuna inda ɗaya cikin huɗun nan ya fito. Ku kai wa malamin Bayoloji ya duba. Sai mako mai zuwa.