Ƙurar Zinariya Ba Ta Ƙara, Amma Tana Kisa

Jama'a, duk mun tuna watan Nuwamban 2021, lokacin da ramin zinariya ya rufta a yankin Ɗan Isa, jihar Maraɗi, mutum aƙalla 18 suka rasu. Allah Ya jiƙan su. Wannan haɗari kowa ya gan shi da ido.

Amma akwai wanda ba ya ƙara, wato ƙurar da ke tashi in ana niƙa dutse a bushe. Tun daga 2014 samarinmu ke tafiya Jado neman arziki. In ƙurar dutsen nan ta zauna cikin huhu ba ta fita, sai bayan shekaru mutum ya fara haki da tari. Likitoci sun tabbatar cutar ba ta warkewa, kuma tana buɗe wa tarin fuka ƙofa. A Zamfara, cikin 2010, dutsen da aka riƙa niƙawa cikin gidaje yana ɗauke da dalma, yara sama da 400 suka mutu.

To me masana ke cewa yau? A jiƙa dutse da ruwa wajen niƙa. Kar a niƙa shi cikin gari. A yi wanka, a sauya tufafi kafin a koma wajen iyali. Rawani ko ƙyalle a hanci ba ya tare ƙurar nan.

Don Allah masu injina, magadan gari da jami'an lafiya, ku kai wannan bayani bakin ramuka cikin Hausa, ku riƙa auna huhun ma'aikata. Kar mu jira sai tari ya yi magana.